ZAUREN SANA'A: Injin Sassaƙa Bai San Na Gida Ba

A wannan wata za mu leƙa shagon kafinta ne, mu tsaya a gaban injin nan mai juya katako, wanda da shi ake fitar da ƙafar tebur da ta gado, da sandunan matakalar bene, da taɓarya, da akushi, da ƙotar kayan aiki iri-iri. Duk wanda ya ratsa Sokoban a Kumasi, ko kasuwar timba a Akra, ko shagunan bakin hanya a Tamale, ya ga wannan inji yana aiki, kuma a cikin masu tsayawa a gabansa akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu na zango. Sana'a ce mai kyau, mai rufin asiri, muna kuma murna da ganin samarinmu sun rungume ta maimakon zaman kashe wando. Amma dai wajibi ne mu gaya wa juna gaskiya: wannan inji bai san na gida ba. Yadda yake wa yaron da ya zo jiya, haka yake wa masta mai shekara 30 a kansa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, injin ba shi da haƙora irin na zarto, saboda haka ba a jin tsoronsa. A wurin zarto ƙarfe ne ke gudu, katako na tafiya a hankali. A nan kuwa katakon ne ke gudu, cizal na hannun mutum, fuskarsa da ƙirjinsa kuma suna dab da abin da ke juyawa. Hanyoyin da yake cutarwa sanannu ne: ko ya kama abu ya naɗe, ko ya yi jifa da katako, ko ya fizge cizal, ko kuwa ya bi mutum a hankali ta ƙura da ƙara da wutar lantarki. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

KAMAWA DA NAƊEWA

Mu fara da lissafi kaɗan, domin shi zai nuna mana girman al'amarin. Moton da aka fi ɗora wa irin waɗannan injuna a ƙasar nan yana juyawa wajen sau 1,440 a minti ɗaya, watau sau 24 a daƙiƙa guda. Mutum mai lafiya, wanda hankalinsa ke tare da shi, yana bukatar kamar rubu'in daƙiƙa kafin ya ga abu ya motsa hannunsa. A cikin wannan ɗan lokaci katakon ya riga ya juya sau 6. Idan ƙafar tebur ce mai kaurin inci 3, juyi 6 sun isa su naɗe tsumma mai tsawon mita ɗaya da rabi saura kaɗan, tsawon da ya fi hannun kowane mutum. To, kun ga ke nan maganar "ai zan janye hannuna" ba ta taso ba. Kafin ka ce me, an gama.

Wannan batu ya fi shafarmu mu Hausawa, domin suturarmu mai yalwa ce. Jallabiya, da kaftani mai faɗin hannu, da rawani, da ɗan gyalen da samari ke ratayawa a wuya don share zufa, duk suna da kyau a masallaci da wajen biki, amma a gaban inji tarko ne. Haka carbi a wuya ko a hannu, da laya mai igiya, da zobe, da agogo, da wayar sauraron waƙa da ke lilo daga kunne. Mai aiki ya sa riga mai gajeren hannu wadda ta kama jiki, ya cusa ta cikin wando, ya cire duk wani abu mai reto ya ajiye a akwati. Mai dogon gemu ya tattara shi. 'Yan'uwanmu mata da ke koyon aikin katako a makarantun sana'a su ɗaure gashi tamau, su sa ɗan ƙaramin kallabi da aka cusa bakinsa cikin riga, kada a bar hijabi ko mayafi yana yawo a gaban ƙirji.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwa ce kawai. A shekarar 2011, a Jami'ar Yale ta Amurka, wata ɗaliba da ke gab da kammala karatunta ta rasa ranta sa'ad da irin wannan inji, na sassaƙa ƙarfe, ya kama gashin kanta. Cikin dare ne, kuma ita kaɗai ce a ɗakin. Idan haka ta faru a wurin da ake da kuɗi da ilimi da kayan aiki na zamani, ina ga rumfar kwano da babu ko makunni a kusa? Darasi biyu ke nan: a tattara duk abin da ke lilo, kuma kada a yi aiki a kan inji alhali babu kowa a kusa da zai iya kashe shi.

Safar hannu ma, wadda ke da amfani wajen ɗaukar katako, haɗari ce a nan. Inji ya yanki fata ya wuce, amma in ya kama safa, da yatsun zai tafi. Haka nan tsumman shafa folish: kada a taɓa naɗa shi a yatsa. A yi amfani da takarda mai laushi wadda za ta yage in an ja ta, ko kuma a kashe inji a shafa da hannu. Wajen goge aiki da samfefa, a fara kashe inji a cire majinginar cizal gaba ɗaya, domin tsakaninta da katako ne yatsa ke maƙalewa. A rage gudu, a riƙe samfefar da kan yatsu ta ƙasan katakon, ta yadda in ta kama sai ta suɓuce ta tafi ita kaɗai. Kada a zagaye katakon da ita a damƙe da tafin hannu. Bel da fuli kuma a yi musu murfi, ko da na falange ne. Da yawa daga cikin injunan da masu walda ke haɗa mana a gida suna zuwa tsirara, murfin kuwa aikin rabin yini ne.

JIFA DA KATAKO

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi fasa kai da fuska. Katako ya kuɓuce daga inji, ko ya tarwatse, ya taso wa mutum. Babban dalili shi ne gudun da ya wuce kima. Masu wannan sana'a suna da wani ma'auni mai sauƙi: a ninka kaurin katako a inci da yawan juyin inji a minti, abin da ya fito ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Ke nan katako mai inci 3 zai iya ɗaukar juyi 2,000 zuwa 3,000, mai inci 6 juyi 1,000 zuwa 1,500, akushi mai inci 12 kuwa kada ya wuce 500 zuwa 750. Wannan ga katakon da ya riga ya zama zagayayye ne. Gungumen da ba a daidaita ba, mai nauyi ta gefe guda, sai a fara shi ƙasa da haka.

To, yaya mutum zai san gudun injinsa alhali babu agogo a jikinsa? A dubi ɗan allon ƙarfen da ke jikin moto, an rubuta juyinsa a kai. Galibi ko wajen 1,440 ne ko wajen 2,800. Sai a auna faɗin fulin moto da na fulin inji. A ninka juyin moto da faɗin fulinsa, a raba da faɗin fulin inji. Misali, moto mai 1,440 da fuli mai inci 3, yana jan fuli mai inci 6, zai ba da juyi 720. Muna ba kowane masta shawara ya yi wannan lissafi sau ɗaya, ya rubuta da fenti a bango kusa da inji, ta yadda yaro zai san in bel na wannan tsagi ga gudunsa, in yana wancan ga gudunsa.

Ga abin da ya sa muke nanata wannan. Idan aka ɗora akushi mai inci 12 a kan inji mai juyi 2,800, bakin akushin yana gudun kusan kilomita 160 a awa. Ƙarfin da ke neman yaga katakon kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, gaba yake yi: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu, in gudu ya ninka huɗu, ƙarfin ya ninka 16. Guntun odum mai nauyin bulo da ya taso da irin wannan gudu, babu ƙashin fuskar da zai tare shi. Saboda haka kafin a kunna inji a duba inda bel yake, domin wataƙila wanda ya yi aiki jiya ya bar shi a kan gudu mafi tsanani.

Dalili na biyu shi ne katakon kansa. A juya shi a hannu a duba kafin a ɗora. Mai tsaga, da mai ƙulli da ke motsi, da wanda gara ko ƙwaro suka ci cikinsa, da mai ɓawon da ya fara ɗagowa, duk a ajiye su gefe. Da hunturu katako kan bushe ya tsage ta baki, tsagar kuma takan yi nisa a ciki fiye da yadda ido ke gani. A ƙwanƙwasa shi, in sautinsa ya yi kamar na fasasshiyar tukunya, a bar shi ya zama itacen wuta. Katakon da aka ciro daga tsohon gini a bincike shi saboda ƙusa. Wanda aka haɗa da gam a bar shi ya kwana ya bushe sarai, kada a ɗora shi don mai kaya na tsaye yana gaggawa. Gaggawa dai aikin da take haifarwa mun san shi.

Dalili na uku shi ne ɗauri. Ƙarfen da ke cizon katako ta kan inji ya shiga sosai, na wutsiya kuma a matse shi a kulle, a riƙa sake duba shi lokaci-lokaci domin rami kan faɗaɗa in aiki ya yi nisa. In akushi ne a kan faifan ƙarfe, a ɗaure shi da sukuru masu ƙwari, kowane rami da nasa, ban da ƙusa. A sare kusurwoyin gungume da zarto ko gizago kafin a ɗora, don ya rage girgiza. Makullin da ake matse bakin inji da shi kada ya kwana a jiki ko na daƙiƙa ɗaya: hannun da ya sa shi, shi zai cire shi. Bayan an gama ɗauri, a juya katakon da hannu zagaye guda cikakke a tabbata bai taɓa komai ba. Sa'an nan a koma gefe guda, a kauce wa saitin katakon, a kunna, a saurara. In inji ya kama rawa ko sautinsa ya sauya, a kashe nan take. Ba a tsayar da katako da tafin hannu, a bar shi ya tsaya don kansa.

Tabarau na kare ido, amma ba ya kare hanci da baki da goshi. Abin da ya dace shi ne garkuwar fuska mai rufewa daga goshi zuwa haɓa, kuma mai kauri, wadda aka yi domin duka. A duba jikinta a ga alamar Z87+ ko EN 166. Sirirriyar nan da aka riƙa sawa lokacin annobar korona a 2020 ba ta wannan aiki ba ce. Duk da haka, garkuwa ba ta ba mutum izinin tsayawa a saitin babban gungume. Kariya ta farko ita ce gudu daidai da ɗauri mai kyau, garkuwa ta biyo baya.

CIZAL DA MAJINGINARSA

Majinginar cizal, watau ƙarfen nan da ake ɗora cizal a kai, ta kasance dab da katako, tazarar kamar milimita 3 zuwa 6. Yayin da katako ke raguwa tazarar na ƙaruwa, sai a kashe inji a matso da ita. Ba a gyara ta inji na gudu. In tazara ta yi yawa, katako zai danne bakin cizal ƙasa, ƙotar ta taso sama ta bugi haɓa, ko kuma yatsa ya faɗa ramin. Ƙa'idar ita ce cizal ya fara zama a kan majingina tukuna, hannu biyu na riƙe da shi, ƙotar na jingine da jiki, daga nan ya taɓa katako a hankali.

Mun san da yawa daga cikinmu ba sa sayen cizal na kanti, maƙeri ke yi musu. Babu laifi, amma a guji wanda aka yi da tsohon magagari. Ƙarfen magagari yana da tauri ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, in ya sha wuya sai ya karye kamar kwalba, gutsattsarinsa su watsu. Kowane cizal ya samu doguwar ƙota mai ƙarfi da zoben ƙarfe a wuyanta. Babban cizal mai faɗin kwari da ake fara daidaita ƙafar tebur da shi kada a kai shi kan akushi, domin a akushi jijiyar katako a gicciye take, tana kama bakinsa, wuyansa kuma siriri ne, yana iya karyewa. A riƙa wasa kayan aiki a kai a kai. Dakusasshen cizal ne ke sa mutum ya danna da ƙarfi, dannawa da ƙarfi kuma ita ke kawo fizga.

ƘURA, ƘARA DA WUTA

Akwai cutarwar da ba ta zubar da jini a ranar, sai bayan shekaru. Tun 1995 hukumar binciken cutar kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa ga ɗan Adam, musamman ta cikin hanci, kuma ƙurar katako mai tauri ta fi muni. Ban da wannan, itatuwan da muke aiki da su kullum kowanne da halinsa. Odum na kawo ƙaiƙayi da ƙurajen fata da asma. Tik na ɓata fata. Baku na sa atishawa da zafin ido da maƙogwaro. Oprono har haɓo yake sawa. Wawa kuwa, duk da sunansa da laushinsa, ba wawa ba ne wajen sa mutum asma. Duk wanda ya lura ƙirjinsa na toshewa a ranakun aiki, yana sakewa ran hutu, to ya je asibiti ya gaya wa likita irin aikin da yake yi.

Hankicin da ake ɗaurawa a hanci da takunkumin asibiti mai shuɗi ba sa tare ƙura mai laushi, ita ce kuwa mai shiga can cikin huhu. A nemi takunkumi mai alamar N95 ko FFP2, a matse shi ya zauna a fuska, a sauya shi in ya toshe. Mai cikakken gemu ya sani takunkumi ba ya kama fuskarsa sosai, saboda haka shi ya fi kowa bukatar iska mai ratsa shago da fanka a bayansa tana kora ƙura waje. Wajen shara a yayyafa ruwa tukuna. Maganar da ake yi cewa madarar gwangwani na wanke ƙura daga ƙirji ba ta da tushe: madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu. Game da ƙara, in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to ƙarar ta kai ta lalata ji, a sa abin toshe kunne. Jin da inji ya cinye ba ya dawowa.

Sai wutar lantarki. Dukkanmu mun san dumsor. Wuta ta ɗauke ana cikin aiki, a manta ba a kashe inji ba, yaro ya zo yana kwance katako ko yana share ƙarƙashin bel, wuta ta dawo babu sallama. Maganin wannan shi ne makunni irin wanda ke sakin kansa in wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake danna shi. Masu gyaran wuta sun san shi. Kafin a samu, duk lokacin da wuta ta ɗauke a kashe inji a zare fulogi. Makunnin ya kasance inda hannu zai kai ba tare da an miƙa ta kan katako ba. A daina cusa tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana, a sa wa jikin inji wayar ƙasa, domin ƙarfe ne kuma da damina ƙasan shago a jiƙe yake. Dusar katako da tina da folish abokan gobara ne, kada a sha taba a shago. Tsumman da ya sha man linsid yana iya kama wuta da kansa in an dunƙule shi an jefar a lungu, saboda haka a shanya shi a fili ko a tsoma shi a ruwa.

IDAN ABU YA FARU

Abu na farko, a kashe inji. In jini na zuba, a sa tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, a ɗaga hannun sama, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. Muna roƙon jama'a da babbar murya: a daina zuba baƙin mai, ko man birki, ko fetur, ko toka, ko garin katako a kan rauni. Ba sa tsayar da jini, datti suke ƙarawa, su kuma wahalar da likita. Ƙaramin yanka a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu a rufe. Kowane rauni mai zurfi ko mai datti a tambayi ma'aikatan asibiti game da allurar tetanus, ciwon nan mai sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora.

In yatsa ya guntule, kada a jefar da shi. A naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi tare da mai raunin ba tare da ɓata lokaci ba. In abu ya soki ido, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin cirewa, a kifa ɗan kofi mai tsabta a kai a ɗaure a hankali a nufi asibiti. Wanda katako ya buga a ka, ko da ya tashi ya ce lafiya lau, in ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko yana magana ba kan gado, ko barci na fizgarsa, a kai shi nan da nan. Lambar neman agaji ita ce 112. A fara da asibiti mafi kusa, su za su tura Komfo Anokye, ko Korle Bu, ko babban asibitin koyarwa na Tamale in abin ya fi ƙarfinsu. Kowane mai aikin inji ya tabbata katinsa na inshorar lafiya bai mutu ba.

GA MASTOCI DA IYAYE

Wannan magana ba ta ladabi kaɗai ba ce, doka ma ta yi ta. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin samar da wurin aiki mai aminci, da ba ma'aikaci kayan kariya ba tare da an cire masa ko kwabo ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta ce ba a ɗaukar yaro koyon sana'a sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun farko, ta kuma lissafa aiki a wurin da ake amfani da injuna cikin ayyuka masu haɗari waɗanda sai ɗan shekara 18. Har wa yau ta ce masta ne ke da alhakin cutar da ta samu yaronsa a wajen koyo. Ko ba doka ma, yaron da aka kawo maka amana ce.

Saboda haka, ya kai masta, abin da yaro ya ga kana yi shi zai yi. In ka rataye garkuwar fuska a ƙusa tana shan ƙura, shi ma haka zai yi da ita. Kada ka bar sabon yaro shi kaɗai da inji, ka fara koya masa inda ake kashewa kafin inda ake kunnawa. Ka ja layi a ƙasa, kada mai tallar ruwa ko ƙosai, ko mai kaya da ya zo duba aikinsa, ya tsallake shi. Ba a kiran mai aiki daga baya, ba a taɓa kafaɗarsa, ba ya amsa waya sai ya kashe inji. Wanda ya sha tramadol ko wani abu don wai ya ƙara ƙarfi, kada ya kusanci inji a ranar. Da azumi, a yi aikin inji da safe lokacin da jiki ke da ƙwari, a bar guga da fenti zuwa yamma. Haka kuma gab da Salla da Kirsimeti, lokacin da aiki ke yawa ana kwana a shago, a tuna gajiya ta fi dakusasshen cizal haɗari.

Ku kuma iyaye, ranar da za ku kai yaro da goro da kuɗin koyo, ku leƙa cikin shagon. Ku duba ko bel na da murfi, ko akwai garkuwar fuska, ko akwai ɗan akwatin magani. In babu, ku tambaya cikin mutunci, ko ku sayi garkuwa da takunkumi ku haɗa wa yaronku cikin kayansa. Ƙungiyoyin samari na zango da masu unguwanni su ma suna iya haɗa kuɗi a sayo waɗannan kaya da yawa a rarraba, sun fi araha in an saya a dunƙule.

Mun sani in abu ya faru akan ce tsautsayi ne, ba ya kuma wuce ranarsa. Haka ne, amma barin makulli a bakin inji sakaci ne, aiki da jallabiya a gaban bel ganganci ne, bai kuwa kamata mu laƙaba wa tsautsayi abin da hannunmu ya jawo ba. Jarin mai sana'a yatsunsa goma ne da idanunsa biyu, ba a sayar da su a kasuwar timba. Muna roƙon duk wanda ya karanta wannan shafi ya kai shi shagon da ya sani, ya karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, Ya sa albarka a sana'a. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.